Filin Tambaya da Amsa: Ɓawon ƙudan soja, fiffiken fara, da maganar kaitin

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai kiwon tarwaɗa ne da kaji a wajen Zariya. Shekara biyu ke nan da na fara kiwon tsutsar baƙin ƙudan soja domin in rage kuɗin abincin dabbobi, kuma alhamdu lillahi tana taimakawa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɓawon da ƙudan yake bari idan ya fito, da matattun ƙudajen da nake sharewa a ɗakin raga kullum in kai juji. Ƙanena da ke jami'a ya ce dukiya nake zubarwa, wai akwai wani abu mai suna kaitin a ciki, kuma wai yanzu an samo hanyar fitar da shi da takin yuriya da wani sinadarin abincin kaji, ba asid ba soda, kuma wai hanyar ba ta da illa ga muhalli. Mene ne gaskiyar maganar, kuma zan iya yin aikin a gona?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙanenka bai yi maka ƙarya ba, sai dai ya ba ka kan labarin ya riƙe gangar jikinsa, kuma a gangar jikin ne kuɗi da wahala suke.

Ka ɗauki ɓawo ɗaya daga cikin waɗanda kake sharewa ka murza shi tsakanin yatsunka. Ba shi da nauyi, amma ba ya zama gari nan take kamar busasshen ganye, yakan ɗan yi gardama kafin ya karye, kuma ko ka jiƙa shi kwana uku a ruwa ba zai narke ba. Abin da ya ba shi wannan taurin shi ne kaitin. Zare ne siriri ƙwarai wanda aka ƙulla da dubban ƙwayoyin wani nau'in sukari, ɗan'uwan zaren da ke cikin auduga da itace, sai dai shi kowace ƙwaya tasa tana ɗauke da naitirojin. Shi ne a ɓawon kaguwa da jatan lande, shi ne a fiffiken fara da bayan buzuzu da kyankyaso, kuma yana cikin naman kaza. A cikin irin waɗannan zaruruwa na halitta, in ka cire na tsirrai, babu wanda ya kai shi yawa a duniya. Wani Bafaranshe mai suna Henri Braconnot ne ya fara ware shi daga naman kaza a shekarar 1811. A 1823 wani ɗan ƙasarsu, Auguste Odier, ya same shi a ɓawon ƙwaro, ya raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin riga. Ka ga ashe sunan ma daga jikin ƙwaro aka samo shi, ko da yake daga baya kasuwarsa ta koma hannun masu sarrafa abincin teku, saboda su ne suke da tarin ɓawo: an ƙiyasta cewa duk shekara ana zubar da tan miliyan 6 zuwa 8 na ɓawon kaguwa da jatan lande da danginsu.

Shi kaitin a karan kansa ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa amfaninsa bai da yawa sai an juya shi zuwa wani abu da ake kira kaitosan, wanda Charles Rouget ya gano a 1859 bayan ya dafa kaitin a cikin kakkarfan ruwan alkali, wato dangin soda. Kaitosan yana narkewa a ruwa mai ɗan tsami, kuma shi ne ake saye da tsada. Ana tace ƙazamin ruwa da shi domin yana tattara laka kamar yadda alif yake yi, har ma yana kama wasu ƙarafa masu guba. Ana shafa shi a jikin iri da 'ya'yan itace domin rage fumfuna. Ana yin bandejin tsayar da jini da shi, irin wanda sojojin Amurka suka fara ɗauka zuwa fagen daga a farkon shekarun 2000. Saboda haka maganar dukiya tana da tushe.

Wahalar ita ce a jikin ƙwaro kaitin ba ya zaune shi kaɗai. Yana cakuɗe da furotin kamar yadda ƙasa da ramno suke cakuɗe a jikin tubali, ga maiƙo, ga baƙin launi, ga kuma ɗan alli. Duk aikin fitar da shi, a taƙaice, aikin cire waɗannan abubuwa huɗu ne a bar zaren. Tsohuwar hanya, wadda har gobe ita masana'antu suke bi, ba ta da rarrashi. A jiƙa garin ɓawon a asid na haidirokulorik domin allin ya narke, a wanke, a dafa a ruwan soda irin ta masu yin sabulu domin furotin ya fita, a sake wankewa har sai ruwan ya daina santsi, sannan a zuba sinadarin faranta kaya domin launin ya tafi. Idan kaitosan ake so, sai a sake dafawa a sodar da ƙarfinta ya kai kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, a zafin da yakan kai digiri 100 ko ya wuce. Hanyar tana aiki, tana da sauri, kuma kayanta ba su da tsada. Illarta uku ce: tana cin ruwa mai yawa, tana datse zaren ya gajarce har ingancinsa ya ragu, kuma furotin ɗin da aka cire yakan lalace ya bi ruwan datti maimakon ya koma abincin dabbobi. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin magudanar da ke fitowa daga majemun Challawa ko Sharaɗa a Kano ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da ruwan masana'anta yake yi wa rafi da gonar da ke gefensa idan aka sake shi ba a gyara ba.

Wannan ne ya sa masu bincike suka shiga neman ruwan narkarwa mai sauƙin illa, kuma wanda ƙanenka yake nufi shi ne wanda ake taƙaita sunansa da DES. Ni zan kira shi ruwan gami, kuma ga dalilina. Ka san abin da mai gyaran rediyo yake narkarwa ya liƙa waya da shi. Gamin kuza ne da darma. Darma tsantsa ba ta narkewa sai zafi ya kai digiri 327, kuza kuwa sai 232, amma idan aka gama su a ma'aunin da ya dace, gamin yana narkewa a digiri 183, wato ƙasa da kowannensu. A shekarar 2003 Andrew Abbott da abokan aikinsa a Jami'ar Lesta da ke Ingila suka nuna cewa irin wannan abu yana faruwa, har ma fiye da haka, tsakanin kolin kulorayid da yuriya. Kolin kulorayid farin gari ne da ake sa wa a abincin kaji, kuma sai zafi ya kai wajen digiri 302 yake narkewa. Yuriya kuwa ka san ta, tana narkewa a digiri 133. Amma idan ka auna giram 140 na kolin da giram 120 na yuriya, ka zuba a kwalba ɗaya kana juyawa a kan zafin da bai wuce digiri 80 ba, za ka ga garin ya fara jiƙewa kamar an yayyafa masa ruwa alhali ba a ɗiga ko ɗigo ba, ya zama kunu, daga nan ya washe ya zama ruwa garai-garai mai kauri kamar zuma, wanda ba ya daskarewa sai sanyi ya sauka zuwa digiri 12. Abin da ya faru shi ne ƙwayoyin biyun sun riƙe juna da irin ɗaurin da ke hana kowannensu komawa sahunsa ya daskare. A 2011 wasu masana a Jami'ar Laidin ta ƙasar Holan suka faɗaɗa maganar, suka nuna cewa ana samun irin wannan gami daga abubuwan da tsirrai da kansu suke yi, kamar sukari da tsamin 'ya'yan itace.

Yadda yake aiki a kan ɓawo kuwa shi ne, wancan ɗauri da ƙwayoyin gamin suke yi wa juna, suna iya yi wa furotin ma. Idan aka zuba garin ɓawo a ciki aka ɗumama na wasu awanni, ruwan yakan kutsa tsakanin zaren kaitin da furotin ya raba su. Idan kuma abokin gamin kolin tsami ne, kamar tsamin da ke cikin nono ko na lemon tsami ko na tuffa, to shi zai narkar da allin a lokaci guda. Daga nan sai a ƙara ruwa, a tace, kaitin ya tsaya a kan matata, a wanke shi a shanya. Aikin da ake yi a tukunya biyu ko uku ya koma tukunya ɗaya. Ruwan ba ya kama wuta da sauƙi, ba ya tashi sama ya shaƙe mai aiki, kuma idan aka ƙafar da ruwan da aka ƙara, ana iya sake amfani da gamin. An gwada wannan a kan ɓawon jatan lande da kaguwa, kuma a 2019 wasu masu bincike a ƙasar Sin suka wallafa gwajin da suka yi a kan ƙudan soja ɗin nan naka.

A nan ya kamata in faɗi abin da ya bambanta ƙwaro da kaguwa, domin masu ɗoki sukan tsallake shi. Ɓawon kaguwa da jatan lande alli ne ya fi yawa a cikinsa, yakan kai kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari, don haka rabin yaƙin a can da alli ake yi. Yawancin ƙwari kuwa allinsu kaɗan ne, kuma wannan falala ce, domin ba sa buƙatar asid mai yawa. Amma ƙudan soja ya fita daban a cikin ƙwari, fatarsa tana tara alli fiye da ta gyare ko fara, saboda haka gamin yuriya kaɗai ba zai wadatar da kai ba, tunda yuriya gwanar cire furotin ce, ba ta taɓa alli yadda ya kamata. Sannan ga baƙin launin nan. Lokacin da fatar ƙwaro take taurara, furotin da launi suna ƙulluwa da zaren ƙulli mai ƙarfi irin wanda jima take yi wa fata, kuma wannan ƙulli ba ya kwancewa da lallami. Shi ya sa kaitin ɗin da aka fitar daga ƙudan soja da ruwan gami yakan fito da duhu, kuma sau da yawa sai an bi shi da sinadarin faranta kaya kafin mai saye ya kalle shi. Akwai wani kamfani a Singafo mai suna Insectta da ya mayar da wannan matsala haja, yana ware baƙin launin yana sayarwa daban.

Yanzu bari mu zo kan kalmar da ta fi jan hankalin ƙanenka, wato cewa hanyar ba ta da illa ga muhalli. Ra'ayina shi ne sunan ya riga aikin isa kasuwa. Kolin kulorayid da ake sayarwa ba daga gona yake fitowa ba, a masana'anta ake haɗa shi daga sinadaran da tushensu man fetur ne da iskar gas. Yuriya ma daga gas ake yin ta, kamar yadda ake yi a masana'antar Indorama da ke Eleme da ta Dangote da ke Lekki. Wannan ba laifi ba ne, amma yana nufin cewa tsabtar hanyar ba a asalin kayan take ba, tana cikin sau nawa aka sake amfani da su. A ɗakin gwaji akan zuba ruwan gami ninki goma ko ashirin na nauyin ɓawon, domin kaurinsa ba ya barin a juya idan garin ya yi yawa. Idan aka yi aiki da wannan ruwa sau ɗaya aka zubar, an yi asarar kuɗi, kuma an tura naitirojin da gishiri masu yawa cikin rafi, abin da ke haifar da gansakuka ya kashe kifi. Idan kuma za a dawo da shi, sai an ƙafar da duk ruwan da aka ƙara, kuma ƙafar da ruwa yana cin wuta ƙwarai. Mai kiwon da yake sayen dizal ya san abin da nake nufi. Bayan haka, kowane zagaye yana barin furotin da alli a cikin gamin, yana ƙara kauri yana rage ƙarfi. Gamin yuriya idan zafi ya yi masa yawa yakan fara rubewa ya saki warin amoniya, gamin tsami kuma yakan sauya a hankali idan ya daɗe a kan wuta. Har an samu gwaje-gwajen da suka nuna cewa wani gamin ya fi abubuwan da aka haɗa shi da su illa ga ƙananan halittu. Ban faɗi waɗannan don in kushe hanyar ba, ina ganin tana da makoma, musamman da yake tana barin zaren da tsawonsa. Amma har yanzu zamanta a ɗakunan gwaji ya fi yawa, inda ake auna ɓawo da giram, kuma kaitosan ɗin da ke kasuwa kusan duk da asid da soda aka yi shi.

Akwai kuma wani abu da ya kamata ka sani kafin ka je shagon abincin kaji. Kolin ɗin da ake sayar wa masu kiwo yawanci ba tsantsa ba ne, kashi 60 ne cikin ɗari da aka shanya a jikin garin totuwar masara. Idan ka gama shi da takin buhu, abin da za ka samu taɓo ne. Kuma ko da ka samo tsantsan ka fitar da kaitin, matakin juya shi zuwa kaitosan har yanzu kakkarfar soda mai zafi ce ta fi yin sa, wadda ɗigo ɗaya nata a ido yana iya makantar da mutum. Wannan ba aikin tsakar gida ba ne inda yara suke wasa.

Ka kuma yi lissafin yawa. Tsutsa ɗanya kaitin ɗinta kaɗan ne, a busasshiyarta yakan tsaya wajen kashi 10 cikin ɗari ko ƙasa da haka, kuma ita abincin kifinka ce, ba abin taɓawa ba. Ɓawon da ƙudan ya fita ya bari shi ne mai albarka, a gwaje-gwaje da dama yakan ba da kashi 20 zuwa 30. Wato kilo 10 na busasshen ɓawo zai ba ka kilo 2 zuwa 3 na kaitin, kaitosan kuwa ƙasa da haka. Ka ɗora buhun ɓawon da ka tara a wata guda a kan sikeli, za ka yi mamakin rashin nauyinsa. Manyan masu kiwo irin su Protix a Holan da InnovaFeed a Faransa, waɗanda kasuwarsu ta buɗe bayan Tarayyar Turai ta halatta furotin ƙwari a abincin kifi a 2017 da na kaji da aladu a 2021, su ne suke da tarin da zai iya ciyar da masana'anta. Gona ɗaya a Zariya ba ta da shi, amma gonaki talatin da suka haɗa kai suna iya samu.

Shawarata ita ce ka daina kai shi juji daga yau. Ka raba ɓawon da matattun ƙudaje, ka tankaɗe ƙasa da kashin tsutsa, ka wanke, ka shanya a kan tabarma har ya bushe ƙarau, ka ɗaure a buhu a inda ba laima. Busasshen ɓawo yana jure ajiya. Ka ba ƙanenka kilo ɗaya ya kai sashen kimiyyar sinadarai na jami'arsu a auna yawan kaitin da alli da ke ciki, domin abin da kake ciyar da tsutsar yana sauya waɗannan alƙaluma, kuma duk mai saye abin da zai fara tambaya ke nan. Ɓawon da bai samu mai saye ba kuma ka daka shi ka gauraya da takin da tsutsar take bari ka kai gona, domin kaitin a ƙasa yana ciyar da ƙwayoyin halittar da ke cin bangon fumfuna da ƙwan tsutsar saiwa. Cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi, wadda Thomas Odhiambo ya kafa a 1970, ta yi aiki mai yawa a kan ƙudan soja da takinsa, kuma ƙanenka zai amfana da karanta abin da suka wallafa.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, kuma aikin kammala karatuna a kan kaitin ne daga gyare. Ɗakin gwajinmu ba shi da kolin kulorayid, kuɗin yin odarsa kuma ya fi ƙarfina. Wata ƙawata ta ce in nemi ruwan gishirin nan da ake kira ayonik. Akwai wata hanya mai sauƙin illa da zan iya bi da abin da ke kusa?

Amsa: 'Yata, maganar ƙawarki gudun gara ne a faɗa gidan zago. Gaskiya ne cewa a 2010 Robin Rogers da ɗalibansa a Jami'ar Alabama ta Amurka sun narkar da ɓawon jatan lande a irin wannan ruwa suka fitar da kaitin mai dogon zare, amma tsadarsa ta ninka ta kolin sau da yawa, kuma wasu nau'o'insa guba ne ga halittun ruwa, ba sa ruɓewa da wuri. Tsadar tasa da gubar suna cikin dalilan da suka sa aka juya ga ruwan gami.

Abin da nake ganin ya fi dacewa da ke yana cikin ɗakin girkin mahaifiyarki. Ruwan tsamin da ake tsiyayewa daga kan gasara idan ta kwana biyu, da tsamin nono, duk aikin ƙwayoyin bakteriya ne masu juya sukari zuwa tsamin laktik. Idan aka zuba garin ɓawo a ruwan da ke da sukari aka sa masa irin waɗannan ƙwayoyi, tsamin da suke fitarwa yana narkar da alli a hankali, kuma tsamin yana hana ƙwayoyin ruɓa samun wuri. Domin cire furotin kuma ana amfani da wasu ƙwayoyin na dangin Basilus, irin waɗanda suke nunar da daddawa, saboda suna fitar da sinadarin da ke yayyanka furotin. Akwai ma na tsiro: farin ƙaron da ke fita idan aka tsaga ɗanyar gwanda yana ɗauke da irin wannan sinadari, shi ya sa ake nannaɗe nama mai tauri a ganyen gwanda ya yi laushi. Tunda gyare allinsa kaɗan ne, ƙarfinki ya fi karkata ga furotin da maiƙo. Ki fara cire maiƙon kafin komai, domin idan kika bar shi zai toshe hanya, ya kuma yi ɗoyi.

Ki shirya wa abu biyu. Na farko lokaci, domin abin da soda take yi a awanni, ƙwayoyin halitta sukan ɗauki kwanaki suna yi, kuma dole ki riƙa auna tsamin ruwan kullum kina rubutawa. Na biyu, da wuya ki samu tsabtar da soda take bayarwa, za a samu ragowar furotin. Masu bincike da yawa sukan gama da wanki ɗaya na soda marar ƙarfi, kuma wannan ba abin kunya ba ne, rage soda da kashi mai yawa ma ci gaba ne. Abin da zai ɗaga aikinki shi ne ki raba garin gida biyu, rabi ki bi tsohuwar hanya, rabi ki bi ta tsami, ki auna tokar da ta rage bayan ƙonawa domin sanin allin, ki auna furotin, sannan ki rubuta lita nawa na ruwa kowace hanya ta ci. Wurin auna furotin ki yi hattara: shi kansa kaitin yana da naitirojin wajen kashi 7 cikin ɗari, don haka idan kika auna naitirojin kika ninka yadda aka saba, za ki ƙirga kaitin a matsayin furotin. Ɗalibai da yawa sun faɗa wannan rami.

Tambaya: Ni sana'ata suyar fara a Maiduguri. Kafin mu soya mukan cire fiffike da ƙafafu, kuma a lokacin kasuwa abin yana taruwa sosai. Ɗana ya ce shi ma wannan ana iya sayar da shi. Haka ne?

Amsa: Hajiya, abin da kuke cirewa kusan duk fata ce, kuma fatar fara tana da kaitin, allinta kuma kaɗan ne, don haka ta fi ta ƙudan soja sauƙin sarrafawa ta wannan fuska. An fitar da kaitin daga fara a gwaje-gwaje da dama kuma ya yi kyau. Sai dai kada ɗanki ya sa ki ƙirga ribar da ba ta zo ba, domin fiffike ba shi da nauyi, kuma sai an tara na masu suya da yawa kafin ya kai abin da mai sarrafawa zai aiko mota dominsa. Idan kuna da ƙungiya, ita ce ta dace ta ɗauki maganar.

Idan za ku tara, ku cire tun kafin farar ta shiga mai da yaji da gishiri, ku shanya daban, kada ya haɗu da yashi. Abu mafi muhimmanci kuma shi ne asalin farar. Wadda aka kamo a inda aka yi feshin maganin ƙwari tana iya ɗauke da ragowar gubar, kuma wannan ya shafi mai ci kafin ya shafi mai sayen fiffike. Ki riƙa tambayar masu kawo miki daga ina suka kamo, kuma ki guji wadda aka tsinta a mace.

Tambaya: Idan kaitin ba ya narkewa sai da asid, mu da muke cin fara da shinge, ina yake zuwa a cikinmu? Kuma gaskiya ne maganin rage ƙiba da ake yi da shi yana aiki?

Amsa: Cikin ɗan'adam yana fitar da wani sinadari da ke iya yanka kaitin a cikin tsamin tumbi, amma ƙarfinsa ya bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma mafi yawan abin yana wucewa ne kamar dusa. Ga mai lafiya ba shi da illa idan an cire ƙafafu masu ƙaya an tauna da kyau. Wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande ko kaguwa shi ne zai yi hattara, domin furotin ɗin da ke tayar masa da borin jini akwai irinsa a jikin ƙwari, kuma laifin na furotin ne, ba na kaitin ba. Ƙwayoyin kaitosan na rage ƙiba kuwa, gwaje-gwajen da aka yi da kyau sun nuna cewa abin da suke ragewa ɗan kaɗan ne ƙwarai, bai kai kuɗin da ake sayar da su ba. Mai shan maganin tsinka jini kada ya sha su sai ya tambayi likitansa.